Injin askina mai waya ya koma tsiga, wuyana ya cika da ƙuraje: in yar da shi ne?

Tambaya

"Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan da na bar reza na koma injin aski na lantarki. Na fara da mai caji, guda biyu suka mutu a hannuna, duk batir ne ya daina riƙe wuta. Sai na sayi mai waya, wanda ake jonawa a soket kai tsaye, irin mai raga a baki. Yau shekararsa ɗaya da rabi, ban taɓa canza masa komai ba. Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa tsige gashi yake yi maimakon yankewa, bakinsa yana zafi kafin in gama, wani lokaci yana ɗaukewa ya dawo in na motsa hannu, ga ƙuraje sun cika min ƙasan haɓa da wuya. Kowace safiya nake aski saboda wurin aikinmu ba a barin gemu. Abokaina sun ce injin ne ke ƙara wa gashi kauri shi ya sa. Injin ne ya lalace, ko fatata ce ba ta jituwa da shi? In yar da shi in koma reza?"

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma in aka warware ta abu huɗu ne: tsiga, zafi, ɗaukewar wuta, da ƙuraje. Ka tattara su duka ka ɗora wa inji, kana neman a ce maka ka jefar. Ni kuwa a yadda ka bayyana ban ga alamar injin ya mutu ba. Tsiga da zafi daga bakinsa suke, ɗaukewa daga wayarsa, ƙurajen kuma tsakanin irin gashinka ne da yadda hannunka ke tafiya. Komawa reza zai fi yiwuwa ya ƙara su.

Ka san mai ba ka amsa tukuna. Sana'ata gyaran ƙananan kayan lantarki ce, kuma injinan aski da kilifa suna cikin abin da ya fi zuwa kan teburina. Ni kaina da mai waya nake aski sama da shekara goma sha biyar, na kuma sha fama da irin ƙurajen da kake faɗa. To amma ni ba likitan fata ba ne, ban kuma riƙe injinka a hannu na saurari kukansa ba. Zancen ƙarfe da waya zan faɗa maka kai tsaye. Zancen fata akwai inda zan tsaya in tura ka gaba.

Almakashi ne, ba aska ba

Mutane da yawa suna ɗaukar injin aski kamar reza ce aka sa wa wuta. Reza kankare gashi take yi da kaifinta ita kaɗai, tana tafiya a kan fata kai tsaye. Inji kuwa aikin almakashi yake yi, ƙarfe biyu ne ke haɗuwa su datse gashi a tsakaninsu. A irin naka, ƙarfe na farko shi ne ragar nan mai ƙananan huji kamar rariya, wadda kaurinta bai kai na takardar rubutu ba. Na biyu jerin wuƙaƙe ne a ƙarƙashinta, suna kai-komo dama da hagu sau dubbai a minti ɗaya. Gashi ya leƙa ta huji, wuƙa ta zo ta matse shi da gefen hujin, ya guntule. Ɗaya nau'in, mai zagayayyun kawuna biyu ko uku, dabarar ɗaya ce, sai dai wuƙaƙensa juyawa suke yi kamar fanka a ƙarƙashin murfi mai tsage-tsage.

Abin ya kusa shekara ɗari. Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jacob Schick, ya fara sayar da nasa a 1931. Kamfanin Remington na Amurka ya biyo baya a 1937, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da mai juyawa a 1939 bisa ƙirar injiniya Alexandre Horowitz, Braun na Jamus kuma ya shigo da nasa mai raga a 1950. Duk masu waya ne, batir daga baya ya zo. Kada ka ji kamar ka ci baya da ka sayi mai waya, asalin abin ka koma.

Akwai kuma sauƙin da mai waya yake yi wa mai gyara irina. Batir yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kowane caji yana ɗan rage masa ƙarfi, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa. Abin da ya kashe maka biyun farko ke nan. Idan mai caji ya fara tsiga, abu biyu ake zargi: batirin da ya yi sanyi har wuƙa ba ta gudu sosai, ko bakin da ya dakushe. Mai waya ƙarfinsa ɗaya ne daga fara aski har gamawa, na yau da na bara duk ɗaya. In ya fara tsiga, wanda ake zargi saura guda. Yawancin injinan da ake kawo min da cewa moton ciki ya gaji, in na buɗe sai in tarar moton garau yake, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Tsiga da zafi

Shekara ɗaya da rabi kana aski kullum. Lissafa ka gani, aski sama da 500 ke nan da raga ɗaya da wuƙa ɗaya. Su kansu masu ƙera injinan ba su ce bakin zai dawwama ba. Braun yana cewa a canza raga da wuƙa duk wata 18. Panasonic yana cewa raga duk shekara, wuƙar ciki duk shekara biyu. Mai kaurin gashi da ke aski kowace safiya ba lallai ne ma ya kai wa'adin ba.

Za ka yi mamakin yadda gashi, abu mai laushi haka, yake cin ƙarfe. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun duba bakin reza da madubin ƙara girma yayin da take yanke gashi, suka ga ba goguwa kawai bakin ke yi a hankali ba, ɓantarewa yake yi ƙanana-ƙanana, musamman in gashin ya lanƙwashe ya zo wa bakin a karkace. A kan reza suka yi binciken, amma duk wanda ya taɓa duba tsohuwar wuƙar inji da gilashin ƙara girma ya ga irin wannan giɓin. Ka kuma san abin da dakusasshen almakashi ke yi wa ƙyalle: taunawa. Haka wuƙar ke kama gashi ta kasa datsewa ta fizge shi, kai kuma ka ji tsiga har cikin ido.

Sai dai kafin ka nemi sabon baki, ka tsaftace tsohon tukuna, don sau da yawa datti ne ke shigar burtu ya yi kamar dakushewa. Kwanakin baya wani ya kawo min nasa ya ce ya mutu. Da na cire kan, ban ma ga wuƙaƙen ba. Garin gashi ya haɗu da maiƙon fata da gumi da hoda, ya zama wani abu toka-toka kamar busasshiyar laka, ya cike tsakanin wuƙa da wuƙa har ya ɗauki siffar ragar. Da tsinken sakace na riƙa ɓamɓaro shi. Na goge, na ɗiga mai, na kunna, sai kukan injin ya tashi daga gurnani ya koma wata siririyar ƙara. Mutumin ya tsaya yana kallona kamar na yi siddabaru.

Yadda ake yi: ka zare fulogi daga soket, kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Ka cire kan, ka ɗan bubbuga gindinsa na roba a tafin hannunka garin ya zube. Ɗan buroshin da ya zo da injin na wuƙaƙe ne da cikin kwarmin, kada ka kuskura ka goga shi a kan raga, zai lotsa ta ko ya yaga ta. Sai ka mayar da kan, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace raga, ka jona ka kunna kamar daƙiƙa goma, ka goge abin da ya fito. Tsinkakken mai ake so, na kilifa ko na keken ɗinki. Man girki danƙo yake yi ya kama datti, man shafawa mai kauri kuma toshe huji yake yi. Kakkaɓewa bayan kowane aski, mai sau ɗaya a mako, ya isa.

Daga nan ka ɗaga ragar ka hange ta a hasken taga. Hujin ya kamata su jeru reras, girmansu ɗaya. In ka ga inda biyu suka haɗe suka zama ɗaya, ko wata siririyar tsaga, ko lotsawa, to kada ragar nan ta sake taɓa fuskarka, domin ta wannan 'yar kafa wuƙa ke samun fata. In za ka canza, ka canza raga da wuƙa tare. Su biyun sun goge juna har sun saba, tsohuwar wuƙa a ƙarƙashin sabuwar raga ba za ta zauna daidai ba, cinye ta za ta yi da wuri. Lambar samfurin injin tana jikinsa, yawanci a baya ko ta wajen gindi, da ita ake neman kan da ya dace.

Zafin kuwa ka lura da inda yake fitowa. In a baki ne kaɗai, gogayyar ƙarfe da ƙarfe ce babu mai, ga danna inji da ƙarfi, ga daɗewa ana maimaita wuri ɗaya saboda ba ya yanka. Gyaran da na faɗa a sama shi zai kawar da shi. In kuwa jikin injin ne, inda kake riƙewa, yake zafi har kana jin ƙaurin roba, wannan wani zance ne daban. Ka zare shi kada ka sake jonawa sai mai gyara ya duba.

Wayar da ke ɗaukewa

A cikin abu huɗun nan wannan ne kaɗai ba ya jira. Inji ya ɗauke ya dawo in an motsa hannu, kusan kullum siraran tagullar da ke cikin wayar ne suka karye, robar waje kuma tana nan lafiya tana rufa musu asiri. Wuri biyu suke karyewa: daidai inda waya ta shiga gindin inji, da daidai bakin fulogi. Sanadin kuma sananne ne. Mutum ya gama aski ya naɗe waya tamau a jikin inji, ko ya fizgo ta daga nesa maimakon ya kama fulogin. Kullum wuri ɗaya ake lanƙwasawa, har tagullar ta gaji.

Ka duba wayar da ido daga farko har ƙarshe ba tare da ka jona ba. In ka ga tsagewa, ko baƙi-baƙin ƙuna, ko jan ƙarfe ya leƙo, an gama magana, kada ka gwada komai. In robar lafiya take, ka jona da busasshen hannu, ka ajiye injin a kan tebur yana aiki, ka riƙa ɗan lanƙwasa wayar kaɗan-kaɗan kana matsawa. Inda kukan ya yanke, nan karayar take. Idan wayarka irin wadda ake zarewa daga jikin inji ce, ka huta, sabuwa irinta za ka nema. Ka dai duba da kyau, wasu injinan wutar soket ce ke shiga musu kai tsaye, wasu kuma akwai ɗan akwati a wajen fulogi da ke rage ƙarfinta kafin ta iso. Baki ya shiga rami ba ya nufin sun dace, lambobin da ke rubuce ne za su zo ɗaya. In kuma wayar a manne take, mai gyara zai buɗe ya yanke wurin da ya lalace ya sake jonawa daga ciki, aikin 'yan mintoci ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a murɗa tagulla da hannu a naɗe da salatif. Abu ne da kake riƙewa kusa da maƙogwaronka, sau da yawa kana tsaye ba takalmi a kan daɓe mai laima.

Tunda an zo nan, bari in ƙara abu biyu. Na farko rubutun da ke jikin inji ko akwatin fulogi. In ka ga 100–240V, ko'ina a duniya zai yi aiki. In ka ga 120V kaɗai, na wutar Amurka da Kanada ne, ka jona shi a inda wuta take 220 zuwa 240, kamar Turai da yawancin Afirka da Asiya, cikin daƙiƙoƙi koyil, wato naɗin siririyar wayar tagulla da ke cikin moto, zai ƙone. 'Yar adaftar nan ta matafiya siffar ƙafafun fulogi kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Na sha karɓar sababbi fil da aka kawo tsaraba daga waje, an jona sau ɗaya, ƙauri ya tashi, shi ke nan.

Na biyu ruwa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, to ban da lokacin da inji ke jone a soket. Mai waya na busasshen aski ne, ba a shiga wanka da shi, ba a sa kumfa. Ko da akwai hoton famfo a jikinsa, ma'anarsa ana iya ɗauraye kan bayan an zare wayar, a bar shi ya bushe sarai. Shi ya sa injinan da aka yi don aski da ruwa yawanci ba sa tashi sam in suna jone da caja, da gangan aka yi su haka. A Ingila ma soket na musamman ake sa wa a banɗaki don injin aski, mai ɗan taransifoma a ciki da ke raba mai aski da babban layin wuta.

Ƙurajen wuya

Nan ne zan fi daɗewa, don shi ne ya fi damunka, kuma shi ne sabon kai kaɗai ba zai warkar ba.

Mu fara kawar da zancen abokanka. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri. Tun a 1928 wata masaniyar ƙirar jikin ɗan'adam a Amurka, Mildred Trotter, ta auna gashin fuskar maza da ake askewa, ta nuna kaurinsa da launinsa da saurin tsirowarsa ba sa canzawa. Gashin da ba a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne, wanda aka datse kuwa ta wajen kaurinsa yake fitowa, shi ya sa hannu ke jin kaushi.

Asalin ƙurajen aski daga siffar gashin yake. Gashi mai murɗewa, irin na yawancinmu baƙar fata, ba ya fitowa a miƙe, tun daga tushensa a lanƙwashe yake. In aka yanke shi gajere, bakinsa ya yi tsini, yana tsirowa yana lanƙwasowa, sai ya dawo ya soki fatar da ya fito daga cikinta. Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu ta fi muni: mutum ya ja fata ya miƙar da ita tamau don askin ya kwanta, gashi ya fito sosai a yanke shi, da ya saki fatar sai guntun ya nutse ƙasa da bakin raminsa. Gobe da zai tsiro bai sami ƙofa ba, sai ya huda bangon ramin ta gefe. Ko ta wace hanya, jiki yana ɗaukar wannan gashin kamar sartse ne ya shige shi, ya kewaye shi da kumburi. Ƙurjin ke nan. In ya warke kuma ya bar baƙin tabo da kan yi watanni.

Yanzu ka ga dalilin da na ce reza ba mafita ba ce. Reza mai baki uku ko biyar an ƙera ta ne don bakin farko ya ɗan jawo gashi, na baya su yanke shi kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne, ga mai murɗaɗɗe kuwa shuka ƙuraje ne. Inji yana da raga a tsakanin wuƙa da fata, shi ya sa likitocin fata sukan ba masu wannan matsala shawarar komawa inji ko kilifa. Amma inji mai dakusasshen baki ya rasa wannan falalar. Yana fizgar gashi kafin ya yanke, yana sa ka danna, yana sa ka bi wuri ɗaya sau biyar da baki mai zafi. Ka lura ƙurajenka da tsigar kusan tare suka zo.

Wuya kuma shi ne wurin da ya fi kowane wahala. Fatarsa ta fi ta kumatu laushi, gashinsa kwance yake a jikin fata maimakon ya miƙe, kuma ba ya fuskantar gefe ɗaya. Ni sai da na bar nawa ya yi kwana uku, na tsaya gaban madubi ina shafawa da ɗan yatsa, sannan na gane na gefen dama ƙasa yake yi, na hagu yana karkata wajen kunne, a ƙasan haɓa kuma akwai wani wuri kamar faɗin kwabo inda yake kewaya kamar guguwa. A daidai wannan wurin ƙurajena suka fi yawa, don nan nake tsayawa in danna in yi ta murzawa sai na ji santsi. Da dare kuma in ɗauki allura ina tono, ina cire gashin har tushe. Gyaran gangar Auzinawa na riƙa yi, domin wanda ka tsige daga tushe, sabon da zai fito a ƙarƙashin fatar da ta riga ta rufe zai fara.

Maganin da ya fi kowanne shi ne hutu. In aka daina aski kwata-kwata kamar mako huɗu, gashin da ya nutse yana yin tsawon da zai ɓalle ya fito da kansa, kumburin ya sauka. Na san ka ce wurin aiki ba a barin gemu. In ƙurajen sun yi yawa, ka ga likita ya rubuta maka takarda ka kai wa shugabanka, don wannan lalura ce da aka sani, ba ƙiwuya ba ce. In hakan bai samu ba, ga tsaka-tsakin da ni na zauna a kai har yau: inji mai raga a kumatu da gashin baki inda fata ke jurewa, kilifa ko ɗan abin datsa da ke bayan injin a wuya, a bar gashin ya kai kamar milimita ɗaya. Daga taku biyu ba mai ganinsa, amma wannan ɗan tsawon ya isa ya hana shi nutsewa. Gashin gemu yana tsirowa kamar kashi ɗaya bisa uku na milimita a rana, saboda haka in ka samu ka riƙa tsallake kwana ɗaya ma fatar ta sami numfashi. Kada dai ka bari ya yi kwana huɗu ko biyar sannan ka kafa masa raga, domin ya riga ya murɗe ya kwanta, ba zai shiga huji ba. Ka rage shi da kilifa tukuna.

In za ka sayi kilifa mai waya, ka duba wata lamba bayan ta ƙarfin wuta: 50Hz ko 60Hz. Yawancin kilifa na gargajiya ba su da moto mai juyawa, mayen ƙarfe ne ke jan haƙoran yana saki daidai da bugun wutar gida, sau 6,000 a minti a inda wuta take 50, sau 7,200 a inda take 60. An daidaita sifirin ɗinta da bugu ɗaya. Ta 60 a wutar 50, ko ka sa mata taransifoma, ƙara za ta yi ta yi kamar za ta tarwatse, yankan kuma ba daɗi. In ta ƙasarka ce amma tana kwaratsi, babban sukurun da ke gefenta shi ake juyawa kaɗan har ƙarar ta kwanta.

Sauran hannu ne. Ka yi aski fuska a bushe, kafin wanka, domin inji ya fi son gashi mai tauri a tsaye, akasin reza da ke son jiƙaƙƙe. In kana gumi ka goge, ka ɗan shafa hoda. Ka fara da wuya tun bakin injin yana da sanyi. Ka riƙe shi a tsaye a kan fata, nauyinsa kaɗai ya isa, gajeren ja a miƙe, ba kewaye ba, kewaye na mai zagayayyun kawuna ne. A kumatu kana iya tarar gashin, a wuya ka bi inda ya kwanta. Kada ka ja fata, kada ka bi wuri fiye da sau biyu, abin da ya rage ka bar shi zuwa gobe. In ka gama, ruwan sanyi da man shafawa marar turare. Da dare ka ɗora tawul mai ɗumi 'yan mintoci, ka shafa wurin a hankali da buroshi mai laushi don gashin da ya fara nutsewa ya ɗago. Wanda kake ganin lanƙwasarsa a fili kana iya ɗaga bakinsa da tsaftatacciyar allura, ka ɗaga kawai, ban da tono, ban da tsigewa.

Iyakata ke nan a zancen fata. In ƙurajen suna tara ruwa, suna zogi, suna yaɗuwa, ko tabon yana tasowa yana tauri, musamman a ƙeya, wannan na likita ne, kuma da wuri. Haka in ka ga zagayayyen wuri mai ɓawo gashi yana zubewa, yana iya zama makero. In kuma ja ne da ƙaiƙayi a duk inda ragar ta bi, har kumatu, ka gaya wa likita, domin ragar injina da yawa da ƙarfen nikel ake yin ta, akwai kuma masu fatar da ba ta jituwa da shi. Ka guji shafa mayukan bilicin ko masu ƙarfin gaske don goge tabo ba da umarnin likita ba, suna sirantar da fatar fuska su ƙara ɓata ta. Kada kuma ka yi tarayyar inji da kowa, ko ɗan'uwanka na jini. Raga tana yin ƙananan ƙujewa da ido ba ya gani, ƙwayar cutar hanta nau'in B kuwa tana rayuwa aƙalla kwana bakwai a jikin busasshen abu. Yanzu da ƙurajen ke nan, ka riƙa goge kan da sifirit bayan aski, ya bushe, sannan ka ɗiga mai, don sifirit yana wanke man.

Yaushe za a yar da shi

Abu uku ne ke sa in ce wa mutum ya haƙura da inji: jikinsa ya tsage har ana hango cikinsa, ko koyil ya ƙone, ko an daina ƙera kan da ya dace da shi. Wani lokaci kuma kuɗin sabon kai yakan kusa na sabon inji, wannan lissafin naka ne. Ban ji ko ɗaya daga cikin ukun a bayaninka ba. Ka yi hattara dai da jabun kai, sun yi yawa. Na gaske yana shiga mazauninsa da 'yar ƙara ba tare da an tilasta ba, hujin ragarsa sumul suke in ka shafa da bayan yatsa. Jabu yana kwaɗ-kwaɗ, gefen hujinsa yana da kaushi, kuma tun askin farko za ka ji yana cizo.

Ka fara da wayar yau, kafin askin gobe. In ka sa sabon kai, ka ba fatarka mako biyu zuwa uku ta saba da shi, kada ka riƙa haɗawa da reza a tsakani. In bayan haka tsigar tana nan, ka sake rubuto min da lambar samfurin, ka kuma gaya min ko kukan injin yana sauka in ka ɗora shi a kan gashi.